Mai-akwati Ya Je Sayen Akwati

Shekara arba'in da biyu Mai-akwati ya yi yana lanƙwasa farantin ƙarfe, amma bai taɓa sa hannu a aljihu ya sayi akwati ba. A unguwarsu da wuya ka leƙa ƙarƙashin gado ba ka ga aikin hannunsa ba: na ɗalibai masu tafiya makarantar kwana, na direbobi masu ajiye sifana, na teloli masu ɓoye yadin mutane. Sunansa na yanka ma ya daɗe da ɓacewa a bakin jama'a. Matarsa kanta, wadda shi da 'ya'yan duk suke kira Umma, in ta so tsokana sai ta leƙo rumfar aikinsa ta ce, "Mai-akwati, abinci ya gaji da jiranka."

Autarsu ungozoma ce a babban asibitin gari. Wata ranar Laraba ta dawo gida da jakar goyo a ƙirji maimakon a baya, ta rungume ta hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri sabon haihuwa. Ta buɗe a kan tabarma. Kwamfutar tafi-da-gidanka ce, siririya, ruwan toka, tare da wani abu mai doguwar waya wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba.

"Wannan shi ne idon," in ji Auta. "In na ɗora shi a cikin mace, sai hoton ɗan ya fito a nan. An ba ni ƙananan asibitoci bakwai na kan tudu, in riƙa zagaya su a babur, sati-sati."

"A babur?" Umma ta dafe ƙirji. "A wannan hanya da ko jaki sai ya yi shawara?"

"Shi ya sa aka ce in nemi akwati mai ƙarfi. Ta abokiyar aikina a irin wannan jaka take. Babur ya zame da su sau ɗaya tak, ita ta tashi ta kakkaɓe riga, kwamfutar ba ta sake buɗe ido ba."

Mai-akwati ya miƙe. Ya ɗauko awo daga aljihun rigar aikinsa, ya auna tsawo da faɗi da kauri, ya rubuta a bayan hannunsa. Kwana uku maƙwabta suka sha ƙarar guduma. Ya zaɓi farantin da ya fi kowanne kauri, ya ninka gefensa, ya ƙarfafa kusurwa takwas, ya shafa fenti shuɗi har shafi biyu. Da ya gama, akwatin ya yi kyan da shi kansa sai da ya ja da baya ya tsaya kallo.

Auta ta zo ta ɗaga. Ta ɗaga ɗin kuwa, amma sai da jijiyar wuyanta ta fito.

"Baba, ya yi kyau," ta ce, ta ajiye a hankali.

Ya san muryar. Ita ce muryar da take yi wa mai naƙuda in abu bai tafi daidai ba. Bai jira ta ƙara ba, don shi ma akwai abin da ke cizonsa. Ya shiga ɗaki ya ɗauko kofin gilashi, ya naɗe shi da tsohon tawul, ya sa a ciki ya rufe. Ya ɗora akwatin a gefen teburin aiki, ya ture shi.

Ƙarar ta kori kajin maƙwabta. Akwatin ko ƙwarzane bai yi ba. Da aka buɗe, aka warware tawul, kofin ya zama tsakuwa.

Ya daɗe a tsugune yana juya gutsattsarin da yatsa.

"Ƙarfe ba ya shanye duka," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Miƙa shi yake yi ga na ciki. Shekara arba'in ina yi wa tufafi gida, tufafi kuwa ba sa fashewa."

"Kofina dai ya fashe," in ji Umma. Ta sunkuya ta kama hannun akwatin ta fara ja. "Wannan ya zama diyya. Zannuwana sun samu ɗaki."

Washegari da hantsi uba da 'ya suka shiga motar haya zuwa layin masu kayan aiki. Kantin da aka kwatanta wa Auta yana ƙarshen layin, tsakanin mai sayar da janareta da mai gyaran famfo. Dogon ɗaki ne mai bene na katako a ciki, yana warin sabuwar roba. Akwatuna ne jere a kan kanta tun daga ƙasa har rufi, baƙaƙe da rawaya da ruwan ƙasa, wasu kamar jakar hannu, wasu mutum zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa.

Mai kantin gajere ne, kakkaura, wuyansa da kansa kusan faɗi ɗaya, amma duk layin Dogo ake ce masa. Shekara goma sha biyar ya yi yana lodi a jirgin ruwa kafin ya buɗe kanti. Ya saurari Auta har ta gama, sannan ya sauko da akwati uku ya jera a kan tebur.

Mai-akwati ya ƙwanƙwasa na farko da ɗan yatsa, ya taɓe baki.

"Roba," ya ce. "Ɗana, da irin wannan muke wanke-wanke a gida."

Dogo ya yi murmushi. Ya sauke akwatin ƙasa, ya tuɓe takalmi, ya hau da ƙafa biyu. Ya yi tsalle sau uku, tebur da kanta suna girgiza, sannan ya sauko ya miƙa wa tsohon.

Mai-akwati ya sa tabarau. Ya shafa murfin da tafin hannu, ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa ya duba da ido ɗaya, yadda yake duba faranti in yana neman lotsawa. Babu. Ya juya shi, sai ya ga waɗansu layuka masu tudu a bayan murfin, sun ratsa daga gefe zuwa gefe.

"Haƙarƙari," ya ce a hankali. "Sun yi masa haƙarƙari. Nauyin bai tsaya a tsakiya ba, ya gudu zuwa kusurwa." Ya ɗago ya dubi Dogo. "Wa ya koya musu?"

"Wani tsoho ne irinka, Baba, a wani wuri, wanda kofinsa ya fashe," in ji Auta.

Dogo bai gane zancen kofi ba, amma ya yi dariya tare da su.

Daga nan tsohon ya ja kujera ya zauna, ya naɗe hannun riga. Auta ta san an shiga dogon zama, ta nemi wuri ta jingina.

Na farkon babba ne mai taya da hannun ja. Wannan bai ɓata masa lokaci ba. "A bayan babur taya ba ta da aiki sai ƙarin nauyi," ya ce, ya ture shi gefe. Na biyun baƙi ne mai sheƙi, maƙullansa kamar azurfa, kuma tun shigowarsu idon Auta yake kansa. Na ukun rawaya ne, ba ado, ya fi kama da akwatin makanike.

"Baƙin nan ya yi mini," in ji Auta. "Ya yi kama da na likitoci."

Mai-akwati ya buɗe baƙin ya rufe, ya buɗe ya rufe, yana kasa kunne. Sannan ya juya shi ta baya ya sa ido a kan hinji, mahaɗin murfi da gindi. Ya ciro wata siririyar ƙusa daga aljihu ya tura a ramin, ya ɗan motsa.

"Zo ka gani, ɗana. Sandar da ke cikin hinjin nan gajera ce, ba ta kai rabi ba, kuma roba ce aka shafa wa fenti. A kan tebur zai shekara goma. A hanyar tudu, damina ɗaya murfin zai yi sallama da gindin."

Dogo ya karɓi ƙusar ya gwada da kansa. Ya sosa ƙeya.

"Shekara biyu ina sayar da wannan," ya ce. "An dawo mini da guda biyu, duka a nan suka karye. Na ɗauka masu su ne ba su da hannu." Ya ɗauki baƙin ya ajiye shi ƙarƙashin tebur, ya dubi tsohon da wani ido daban. "Baba, me kake yi ne?"

"Akwati."

"Ashe a gaban malami nake ta tsalle-tsalle."

Rawayan ne ya ci lokaci. Sandar hinjinsa ƙarfe ce fara, ta ratsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Maƙullansa sai an danna sannan a ja, ba yadda reshe zai fisge su a hanya. A bakin murfin akwai wata 'yar kwata, a cikinta an kwantar da zaren roba mai taushi, ya zagaye baki ɗaya. Mai-akwati ya bi zaren da yatsa yana neman inda aka haɗa bakinsa, ya zaga sau biyu bai samu ba.

"Wannan na mene ne?"

"Na ruwa da ƙura. In ka rufe, ko iska ba ta shiga."

"Ko iska?"

"Ko iska, Baba. Shi ya sa aka sa masa wannan." Dogo ya nuna wani ɗan maɓalli baƙi kusa da hannun. "In Anti ta rufe shi a nan ƙasa ta hau tudu, iskar ciki da ta waje ba za su zo ɗaya ba, sai murfin ya kame ya ƙi buɗuwa. Ta nan yake numfashi. Iska tana wucewa, ruwa ba ya wucewa."

Mai-akwati ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Rami ne da iska ke bi, ruwa ya zo ya tsaya?"

"Haka yake."

"Ɗana, ni ba yaro ba ne. Kana da duro?"

Akwai duron ruwa a bayan kantin, inda mai gyaran famfo yake gwajin kayansa. Mai-akwati ya ciro kwalin ashana daga aljihu, ya zare tsinke uku ya zube su tsirara a cikin akwatin, ya ƙara da takardar da aka naɗe masa goro. Shi da kansa ya danna maƙullai. Akwatin ya ƙi nutsewa, yana ta ɓullowa kamar gora, sai da suka danne shi da bulo biyu. Mai gyaran famfo ya bar aikinsa ya zo kallo, mai janareta ma ya leƙo. Dogo ya aika aka kawo shayi, suka sha a tsaye, tsohon kuwa idonsa bai bar saman ruwan ba, yana jiran kumfa ko guda ɗaya.

Da kofuna suka ƙare aka ɗaga bulo. Ya share murfin da gefen rigarsa, ya buɗe. Ya ɗauki tsinke ɗaya ya ƙyasta. Wuta ta kama nan take.

Ya riƙe tsinken yana kallo har wutar ta kusa cin yatsansa.

"Ikon Allah," ya ce. "Ikon Allah. Ni da nake toshe kafa da dalma."

"Saura duka," in ji Auta, don ta san ba zai iya barci ba in ba a yi wannan ba.

Suka koma ciki. Dogo ya ɗauko soson da ke zuwa da akwatin, baƙi, kauri uku: na ƙasa shimfiɗaɗɗe, na murfi mai tudu da kwari, na tsakiya kuma wanda ake yankawa daidai da kayan mutum. Ya kwance ƙwan fitilar da ke ci a kan teburinsa, ya jira ya huce, ya cusa shi tsakanin soso, ya rufe. Ya hau benen katako har sama, ya miƙo hannu ta kan shinge ya saki.

Auta ta rufe ido. Akwatin ya daki siminti da kusurwa, ya yi tsalle, ya mirgina har bakin ƙofa. Ba irin ƙarar da ta kori kaji ba ce, wata 'yar gajeriyar ƙara ce, dum, kamar an yar da kabewa. Mai-akwati ya ciro ƙwan da hannunsa, ya mayar da shi a mazauninsa ya murɗa. Haske ya cika teburin.

Ya koma ya ɗauki akwatin, ya shafa kusurwar da ta sha ƙasa, inda wani ɗan farin ƙwarzane ya fito, kamar yana ba shi haƙuri.

"Shi za mu ɗauka," ya ce.

"Babu irinsa baƙi?" Auta ta tambaya.

"Akwai," in ji Dogo.

"Bar shi a rawayansa," in ji uban. "Baƙi rana yake sha, na ciki ya dahu. Kuma in ya faɗi a ciyawa da yamma, wa zai ga baƙi? Ba ado za ki yi ba, Auta."

Yankan soso kuwa bai yarda kowa ya taɓa ba. Ya sa Auta ta jera kayanta a kai: kwamfutar, idon, caja, da kwalbar man da ake shafawa. Ya matsar da kwamfutar tsakiya, ya bar kaurin yatsa biyu tsakaninta da kowane bango, ya raba ta da caja don kada mai nauyi ya daki marar nauyi. Ya zana da alli, ya karɓi sabuwar reza ya shiga yanka, harshensa a gefen baki. Ya bar ƙananan ramuka biyu inda yatsu za su shiga a ɗago ta. Da aka sa kowane abu a gurbinsa aka rufe, ya ɗaga akwatin kusa da kunne ya girgiza da ƙarfi. Shiru kake ji.

Dogo, wanda ya tsaya yana kallon hannun tsohon tun farko, ya nisa.

"Anti, duk wannan hidima da muke yi, wai me abin yake gani ne?"

"Abin da ke cikin mutum. Da akwai mai juna biyu a nan da na nuna maka." Ta dubi mahaifinta, idonta ya yi wani ƙyalli. "Amma zuciya ma yana gani. Ba fannina ba ne sosai, sai dai a gani za a gani. Baba, ka kwanta."

"Ni? Cikin wata nawa gare ni?"

"Ka gwada na mutane da ruwa da duka. Kai ma a gwada ka."

Ya yi gardama, ya ce abin da Allah ya rufe ba a buɗe shi a kanti. Amma son sani ya fi ƙarfinsa. A ɗakin ajiya na baya, a kan wani dogon benci tsakanin kwalaye, ya kwanta ya ɗage riga. Dogo ya riƙe kwamfutar saitin fuskarsa. Auta ta matsa man a ƙasan ƙirjinsa, ya zabura don sanyi, ta ɗora idon ta danna shi sama ƙarƙashin haƙarƙari.

"Ja numfashi ka riƙe."

Da farko ba ya ganin komai sai toka-toka, kamar hayaƙi a cikin duhu. Sai ta ɗan karkata hannu, hayaƙin ya buɗe. Wani abu yana motsi a tsakiya. Yana matsewa yana saki, yana matsewa yana saki. A cikinsa akwai ɗakuna baƙaƙe, tsakanin ɗakunan kuma wasu 'yan siraran farare suna buɗewa suna rufewa, fat-fat, fat-fat, ba sa kuskure.

"Waɗannan fa?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ƙofofi ne. Jini ya wuce, su rufe, kada ya dawo."

"Tun yaushe suke yi?"

"Tun kana cikin Kaka."

Ya yi ƙoƙarin lissafa shekarun a ransa ya bari. Ya san hinji. Ya san mafi kyawunsa in ya sha buɗewa da rufewa sai ya fara kuka, sai an ɗiga masa mai, daga baya a cire shi a sa sabo. Ga waɗannan, sirara kamar fatar albasa, suna aiki yana barci, suna aiki yana faɗa da masu kawo faranti, suna aiki ranar da ya binne mahaifinsa da ranar da aka miƙo masa wannan yarinya a cikin zani, shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa tunawa da su ba.

Auta ta taɓa wani maɓalli, sai sauti ya cika ɗakin ajiyar, mai zurfi, mai nauyi, ba gaggawa. Dogo ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Hawaye ya gangaro daga gefen idon tsohon ya shige kunnensa, bai share ba.

Auta ta ƙura wa allon ido, leɓenta yana motsi tana ƙirga bugun.

"Yaya?" ya tambaya.

"Zuciyarka lafiyarta lau yadda na gani. Amma zan kai ka wurin masu fannin su duba da kyau. Kuma gishirin nan da kake ƙarawa in Umma ta juya baya, ka bari."

"A nan ma ya fito?"

"A nan ma ya fito."

Sun fito daga kantin rana ta karkata. Dogo ya rako su har bakin titi, ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu, ya roƙe shi ya dawo wani satin ya duba masa sauran kayan kanti. Mai-akwati ne ya ɗauki rawayan, ya hana Auta. Yana tafiya a hankali, ba kamar yadda ya saba ba. Yana kallon masu turin kura, da mai gyaran takalmi a gindin bango, da wata mata mai goyo tana ciniki, da ɗan sandan da ke ba motoci hannu. Kowa yana harkarsa, kowa da irin abin nan a ƙirji yana buɗewa yana rufewa, babu wanda ya tsaya ya yi mamaki.

A gida suka iske Umma a tsakar gida tana tsince wake. Ta dubi akwatin sama da ƙasa.

"Wannan abin kuka wuni nema? Kamar na masu gyaran waya."

Ya ajiye shi, ya zauna a bakin tabarmarta, ya fara ba ta labari. Ya faɗi na ashana, ya faɗi na ƙwan fitila. Da ya zo kan ɗakin ajiya sai magana ta ƙi. Ya haɗa tafin hannu biyu ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, ya ga bai yi kama ba.

"Auta, kunna ki nuna mata."

"A'a, ni kam a bar ni yadda nake," in ji Umma. "In an leƙa aka ga abin da na haɗiye a gidan nan shekara arba'in, ai sai na'urar ta ƙone."

Sai da suka haɗu su biyu suna lallashi kafin ta ture farantin waken, ta shiga ɗaki ta kwanta tana mita. Auta ta buɗe maƙullan, ta sa yatsu ta ɗago kwamfutar. Mai-akwati ya durƙusa a gefen gado ya riƙe allon, ya gyara tabarau. Hayaƙin ya buɗe, ga ta nan, ƙarama a kan tasa, tana ta aikinta. Umma ta bar mita. Ta ɗaga kai daga matashi tana kallo, hannunta ya lalubo gefen rigar mijinta ya riƙe.

Ya daɗe yana kallo kafin ya yi magana.

"Taki ta fi tawa sauri."

"To da fa?" in ji Umma, idonta bai bar allon ba. "Wa ke aikin gidan?"